Labarin Amurka da Ya Hana Mu Sayar da Rijiya

Shekara goma sha tara ke nan da muka kai Yaya Mutari makwancinsa. Har yau idan na tuna shi, ajiyar zuciya nake fara yi kafin kewa ta zo, irin ajiyar zuciyar wanda ya waiwaya ya ga ramin da ya kusa faɗawa. Na ga ya dace bana in ba masu karatu labarinsa, domin waɗanda suka san abin da ya faru sun fara ƙarewa, ni ma ƙafa ta yi nauyi.

Mu ƴan gidan jima ne a nan Damagaram. Kakanninmu fata suka jeme, mahaifinmu ma haka, ni ma haka. Yaya ne kaɗai ya fita daban. Shi ne ɗan fari, shi aka kai lakwal, wato makarantar boko, ya yi ta karatu har ya zama mai koyar da tarihi a lise, babbar makarantar sakandare. Gari duka Mushe Mutari ake ce masa, yadda ake kiran malaman boko a nan da Faransanci. Baba ma, da yake ba ya faɗin sunan ɗan fari, Mushe yake kiransa. Ni kuwa a zaure Yaya ya koya mini karatun boko, shi ya sa nake iya rubuta wannan da hannuna.

Tsakanin fari na farko da na biyu, manyan shekarun yunwar nan da aka yi a ƙasarmu, aka zaɓe shi cikin malaman da aka kai Amurka ƙarin ilimi na ƴan watanni. Mun zaci zai dawo da labarin dogayen benaye da manyan motoci, sai ya dawo da labarin wani tsoho. A gidan tsohon aka sauke shi, a wani gari mai tsananin sanyi da aka sani da yin takalma. Kakan tsohon baduku ne mai rumfar kansa. Shi ke auna ƙafa, ya yanka fata, ya ɗinka, ya miƙa wa mai shi hannu da hannu. Da injuna suka zo aka gina masana'anta, takalmin inji ya yi arha, rumfa ta mutu. Mahaifin tsohon ya shiga masana'anta tun yana yaro. Ƙararrawa ke tashinsa, ƙararrawa ke sallamarsa, kuma ya yi rayuwarsa duka yana buga dunduniyar takalmi, bai taɓa haɗa takalmi guda daga farko zuwa ƙarshe ba.

Yaya ba ya ɓoye alherin abin. Ya ce talakan da kakansa ya yi yawo ba takalmi ya sami na sawa, wuta ta shiga gidaje, ruwa ya zo ta famfo, mutane suka bar gonaki suka cika birane, mata suka fara kawo abin hannunsu gida. Amma ya ce an daɗe ana shan wuya kafin daɗin ya kai ga masu aikin. Daga asuba har duhu ake tsaye, inji ya cinye yatsun mutum a sallame shi a ɗauki wani. Sai da ma'aikata suka haɗa kai suka kafa sandika, wato ƙungiyar ƙwadago, suka yi ta yajin aiki, aka kori wasu aka ɗaure wasu, sannan aka rage awoyin aiki aka hana sa yara a bakin inji. Masu neman ƙuri'a ma ba su fara sauraronsu ba sai da suka ga suna zuwa a dunƙule. Lokacin da Yaya ya je, masana'antar garin ta riga ta rufe. Tsohon ya zaga da shi ya nuna masa ginin, tagogi duk a farfashe. Ya ce masa abin da ya fi yi masa ciwo shi ne babu inda za su koma, domin an sayar da rumfar kakansa tun kafin a haife shi.

Mukan ji wannan labari muna kankare fata, mu yi dariya mu ce Mushe ya fara. Ina mu ina Amurka?

Sai fari na biyu ya zo. Wanda bai gani ba, Allah kada ya nuna masa. Mutanen karkara suka yi ta shigowa gari daga wajen Damagaram Takaya da arewa, da ƙwarya da tabarma. Dabbobi suka yi ta mutuwa, waɗanda ba su mutu ba aka yanka su don kada a yi asara biyu. Fata ta cika kasuwa har ta rasa mai ɗauka, amma dukawan da ke sayen jemammiya a wurinmu sun daina zuwa, don ba mai sayen jaka ko takalmi da yunwa a cikinsa. A gidana, matata Zainabu ƴaƴan itacen anza take jiƙawa kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, ta dafa wa yara. Abu guda ya rage mana: tsohuwar rijiyar da ke tsakiyar filin jimarmu. Tafkuna sun ƙafe, rijiyoyin unguwa sun koma laka, ita kuwa ta ja baya amma ba ta ƙafe ba.

A nan ne wani attajiri, Alhaji Kyari, ya aiko. Ya sayo injunan jima daga waje, yana so ya jeme fatun nan masu arha ya fitar da su. Ya ce a sayar masa da filin da rijiyar, shi kuma zai ciyar da kowane gida na masu jima har damina ta faɗi, kuma duk mai so zai ba shi aiki a bakin inji. Ba mugun mutum ba ne, ɗan kasuwa ne da ya hango riba. Ni a ranar ji na yi kamar an sauke mini dutse daga ka.

Baba ya tara mu bayan la'asar a gindin bagaruwar da ke bakin rijiya, mu magidanta goma sha wani abu. Kusan kowa ya ce a sayar. Baba ya juya ya ce, “Mushe, ba ka ce komai ba.”

Yaya ya ce, “Baba, ni ban ce a ƙi inji ba. Inji zai zo ko mun so ko mun ƙi. Amma kada a sayar da filin. A ba shi aron gefe guda ya kafa injunansa, ya ɗebi ruwa da ƙa'ida, rijiya ta zauna a hannunmu. In za a yi masa aiki kuma, kada kowa ya je shi kaɗai. A je tare, a yi magana da baki ɗaya.”

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, “Yaya, kai albashi kake ci. Ƙarshen wata naka na zuwa ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Mu ƴaƴanmu anza suke ci, kana kawo mana tatsuniyar Nasara.”

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar, kuma a gaban Baba. Ya dube ni ya ce, “Gaskiyarka, Habu. Gobe ka kawo mini yaranka gidana.”

Haka kuwa aka yi. Ya ɗauki ƴaƴana uku da na wasu gidaje biyu, ya haɗa da nasa, matarsa tana dama kunu a tukunyar biki. Ya sayar da babur ɗinsa, ya koma zuwa lise da ƙafa. Baba ya aika wa Alhaji da amsar da Yaya ya tsara. Alhaji ya ce shi saye yake so ba aro ba, kuma zai haƙa tasa rijiyar a hanyar Tirmini.

Sati shida muka yi ba labari. Waɗannan makonni su ne mafi tsawo a rayuwata. Mutane suka fara kauce wa Yaya a masallaci. Wata safiya Zainabu ta tashi za ta ɗora tukunya, jiri ya ɗebe ta ta zube a bakin murhu. Da ta farfaɗo, na sa hula na kama hanyar Tirmini ban gaya wa kowa ba. Niyyata in ce wa Alhaji ni na yarda, ya ba ni aiki ko da ni kaɗai ne, kuma zan jawo masa sauran ɗaya bayan ɗaya.

Tun kafin in isa wari ya tare ni. Fatu ne jibge a rumfa, tsutsa ta fara cin na ƙasa. Injuna na nan cikin akwatunansu ba a ko buɗe ba. Ga ramuka biyu masu zurfi, na leƙa kowanne, dutse ne fal a ƙasa, ko danshi babu. Mahaƙan suna zaune a inuwar kamyo, babbar motar kaya, sun haɗa kai da gwiwa. Na tsaya ina kallo, sai na gane cewa yadda muke ƙirga kwanaki haka shi ma yake ƙirgawa. Na juya ban nemi ganinsa ba.

Kai tsaye lise na wuce, na jira Yaya ya fito daga aji. Na gaya masa abin da na gani, na kuma gaya masa abin da ya kai ni. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce, “Ka ci wani abu yau?” Na ce a'a. Ya ce, “Mu je gida tukuna.”

Kwana huɗu bayan haka Alhaji Kyari ya zo da kansa, ya zauna a tabarmar Baba. Aka yi takarda a gaban liman da mai unguwa. Fili da rijiya namu ne, shi aro aka ba shi. Injuna za su sha ruwa da hantsi, safiya da yamma na matan unguwa ne. Za a tsaya a yi salla, a tashi kafin magariba. Ba yaron da zai matsa kusa da inji. Wanda ya ji rauni, magani na kan mai masana'anta, kuma ba za a sallami kowa ba sai an zauna da dattawanmu. A ranar aka sauke buhunan hatsi a ƙofar gidan Baba. Na ga wani dattijo ya dafa buhu yana kuka kamar yaro.

Shekara bakwai na yi a bakin injin kankare fata. Aikin kwana goma yakan yi shi kafin azahar, kuma ba zan yi ƙarya ba, a lokacin ne na rufa ɗakina da kwano. Amma a nan na fahimci mahaifin tsohon nan na Amurka. Fata ta zo hannuna, in tura, ta wuce, ban san inda ta fito ba, ban san yadda ta ƙare ba. Wata rana na ɗauki jemammiyar fata a rumbun ajiya na shafa, na kasa cewa aikina ce.

Daga baya Alhaji ya rasu, injuna suka tsufa, kayan gyaransu suka gagara samuwa, magada suka kwashe ƙarafan suka sayar. Ranar da aka rufe ƙofa ba wanda ya rasa inda zai nufa. Muka taka ƴan taku kaɗan, muka share kwatarniyoyin kakanninmu, muka jiƙa bagaruwa. Lokacin da aka buɗe siyasar jam'iyyu kuma, ƴan takara da kansu suka riƙa zuwa filin jima suna toshe hanci suna gaishe mu, don sun san mu ba a tsintar mu ɗaya-ɗaya.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Ba duk hasashensa ne ya tabbata ba. Ya zaci masana'antu za su cika Damagaram, ya yi ta shirya mu don wannan rana, ga shi ba su zo da yawa ba. Abin da ya zo shi ne takalmin roba daga ƙasashen da ko sunansu ba mu iya faɗa, da manyan motocin da ke kwashe ɗanyar fata su wuce da ita. Jikokin masu jima rabinsu kabu-kabu suke yi da babur, sauran suna gyaran waya. Ina jin da zai tsayar da ɗaya daga cikin samarin nan ya tambaye shi awa nawa yake yi a kan babur, na wane ne babur ɗin, kuma in ya faɗi ya karye wa zai tsaya masa. Bai iya ganin mai aiki ya wuce bai yi masa irin waɗannan tambayoyi ba, har mutane kan gaji da shi.

Bai bar dukiya ba. Littattafansa gara ta ci rabi, sauran ɗalibansa suka raba. Gidansa ma ƴaƴansa sun rushe sun sake gini. Na daɗe ina ganin kamar abin da ya rage nasa shi ne ƴan tsofaffin da ke tuna shi, mu ma muna kan hanya.

Sai watan jiya jikata Rakiya ta zo gaishe ni. Tana aiki a wani ƙaramin kamfanin ɗura ruwa a leda, su mata tara. Ta ce mai wurin ya ƙara musu aiki har bayan isha, ya ce wadda ba ta so ta ajiye rigar aiki. Na ce to me kika yi? Ta ce ta bi su gida-gida ta tara su, suka je masa su tara a tare, suka ce ko a koma yadda ake ko ya karɓi riguna tara. Ya yi faɗa, ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwarsu, a na uku ya janye.

Rakiya ba ta san Yaya ba, tana goye ya rasu. Na ce, “Ke wa ya koya miki wannan?”

Ta dube ni kamar na yi tambayar da ba ta da kai. Ta ce, “Kaka, ai haka na ga ana yi a gidanmu.”

Allah ya jiƙan Yaya Mutari, ya yalwata masa kabarinsa, ya shayar da shi kamar yadda ya yi sanadin shan wasu.