Baba Kyari, Wanda Ya Buɗe wa Dada Numfashi

Kafin rana ta leƙo kan dutsen Ngaundere, Baba Kyari ya riga ya buɗe garejinsa da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Shara yake fara yi, sannan ya jera sifanoninsa a kan buhu, daga ƙarami zuwa babba. Sai ya zauna a kan wata tsohuwar taya ya karya da ƙosai da kunun gyaɗa, farin ƙyalle a kafaɗarsa. Ƙyallen nan ba na goge hannu ba ne. Duk motar da aka kawo, kafin ya ɗaga bonet sai ya sa a tayar da ita, ya kara ƙyallen a bakin salansa, ya duba, ya sunsuna. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, domin bayansa ya fara ƙin sunkuyo. Mu mutanen Hosere Jabbe muka ga bai kamata ya tafi hutu ba mu ce komai ba.

Ƙauyenmu a kan tudu yake. Idan damina ta kankama, mota ɗaya ce ke iya hawa da sauka: tsohuwar jif ta ƙungiyar ƙauye, wadda muke kira Dada. Ita ke kawo allin makarantarmu, ita ke sauko da marasa lafiya. Direbanta, Hamajoda, yana lallaɓa ta kamar uwarsa. Bai taɓa taka mata totur har ƙasa ba.

Bana, gab da faɗuwar ruwa, jandarmomin shingen shiga gari suka ce Dada ba za ta sake wucewa ba sai da shaidar gwajin motoci a gilashinta, kuma yanzu har hayaƙi ake aunawa. Ga shi Astajam, 'yar Hamajoda, tana da tsohon ciki. Ta sha wuya a haihuwar fari, ungozoma ta ce wannan karon sai a asibiti, kuma a tsakiyar damina zai faɗo.

Muka shirya Dada kamar yadda muke shirya tsoho idan zai yi doguwar tafiya: muka ba ta hutu. Aka ajiye ta a gindin mangwaro, aka rufe ta da tabarmi, Hamajoda ya koma tafiya a ƙasa har makonni. Ranar tafiya aka wanke ta tas, ya gangaro da ita a hankali, ta kwana a gari, da safe ya shigar da ita wurin gwaji injin da sanyinsa. Da ma'aikacin ya taka totur, sai baƙin hayaƙi ya turnuƙe rumfar, har mai riƙe da na'ura ya fita yana tari. Suka ce a gyara a dawo.

A tasha kowa ya zama malami. Wani ya ce a zuba kananzir a tanki ranar gwaji, hayaƙin zai ɓuya. Da wannan shawara Hamajoda ya isa garejin Baba Kyari, ya zayyana masa komai har da batun Astajam.

"Kananzir?" in ji Baba Kyari. "To, ka ruɗi na'ura. Huhun yarinyar da za ta kwanta a bayan motar fa, shi ma ruɗinsa za ka yi?"

Ya kara ƙyallensa. Ya fito baƙi ƙirin. Ya murza baƙin a yatsa, ya ji a bushe yake, sai fuskarsa ta ɗan saki.

"Ba baƙin mai take ƙonawa ba, injinta da sauransa. Numfashi ne ba ta samu. Kai Bafulatani, me ka yi mata?"

"Hutu na ba ta, Baba."

"Hutu! Ka ɗauka saniya ce? Me ya hana ka ba ta dusa da kanwa?"

"Kai dai bawana, duba mini ita. Babarbare bai san tausayi ba, ai mun sani."

Baba Kyari ya kwance dogon bututun nan da ke tsaye a gefen gilashi, wanda Dada ke shaƙar iska da shi idan ta shiga rafi. Ya buga shi a ƙasa. Sai ga curi-curin busasshiyar laka suna zubowa. Zanzaro ne ya samu mota a tsaye shiru a inuwa, ya gina gidajensa a ciki har ya kusa toshe shi.

"Ga baƙin da ka saukar," in ji shi. "Har sun yi iyali."

Da wani makanike ne, da nan zai tsaya. Shi kuwa sai ya sauya matatar iska, ya ciro nozul masu fesa mai a injin ɗaya bayan ɗaya, ya wanke, ya gwada feshin kowanne, wanda ke ɗiga ya musanya. Masu shagunan da ke maƙwabtaka da shi sun ce a kwanakin nan a durƙushe yake aiki, saboda bayan ya ƙi. Da ya gama, sai ya ce saura magani na ƙarshe, kuma shi zai tuƙa.

Safiyar komawa gwaji, ya ɗauki Hamajoda suka bi hanyar Garwa, suka gangara babban gangaren da ke hanyar har ƙasa. Ya juya kan motar, ya sa giya, ya taka totur har ya taɓa ƙarfe. Dada ta yi wani ruri da ba a taɓa jin ta yi ba.

"Baba, za ka kashe ta! Don Allah sassauta!"

"Riƙe hularka. Kai ka shaƙe ta da lallaɓa. Toka ce ta shekaru a ƙirjinta, bari ta yi kaki."

Baƙin gajimare ya biyo su, masu babura suna ta zagi. Hamajoda ya rufe ido yana salati. Can wajen tsakiyar hawan ya waiga, sai ya ga hayaƙin ya koma toka-toka. Kafin su kai kan tudu, bai ga komai a bayansu ba sai kwalta.

Ba su kashe injin ba. Da zafinta suka shiga rumfar gwaji. Aka zura na'ura a salansa, ma'aikacin ya taka, ya sake takawa, ya dubi allonsa, ya dubi motar.

"Ita ce ta ranan nan?"

"Ita ce," in ji Baba Kyari. "Ta dawo daga hutu."

Da aka manna shaidar a gilashi, Hamajoda ya zauna a ƙasa daɓas yana dariya, hawaye na zuba.

Ruwa ya sauka, hanya ta lalace kamar kullum. Wata rana da hantsi naƙuda ta kama Astajam, Dada ta sauko da ita cikin taɓo, jandarmomi suka ɗaga sanda ba tambaya. A asibiti sai da aka yi wa Astajam aiki, kuma ita da jaririyar suna lafiya. Da namiji ne da Kyari za a sa, da yake mace ce sai aka sa mata sunan mahaifiyar Baba Kyari, Yagana.

"Ka ga abin da ka jawo mini," in ji Hamajoda ranar suna. "Babarbariya a tsakar gidana."

"Gidan ya samu shugaba ke nan," in ji Baba Kyari.

Baba Kyari, kai ne mai farin ƙyalle, wanda ba ya ɓoye ciwon mota don a wuce shinge. Kai ne ka tuna da wanda zai kwanta a baya lokacin da kowa ke tunanin na'ura. Mun gode. Allah ya sauƙaƙa maka bayan nan, ya sa hutunka ya fi na Dada amfani.

Ku kuma masu riƙe da sifana, da mu malaman makaranta masu riƙe da alli, mu yi koyi da shi: mu nemi inda numfashi ya toshe mu buɗe, kada mu tsaya rufe hayaƙi. Wanda ke shakkar ladan irin wannan aiki, ya hau Hosere Jabbe. Yagana tana nan, kuma huhunta, in ji maƙwabta, ba ya bukatar gwaji.