Da Bakina Aka Gayyato Ta Cin Tuwo

Edita, ina gaisuwa. A shekarun dubu biyu da 'yan kai ni budurwa ce 'yar Damagaram, ina aiki a wani ofishin kago, wato na aika kaya ƙasashen waje, a Port Saeed, cikin Dubai. Faransanci ne jarina, da shi nake yin tafinta tsakanin 'yan kasuwarmu da masu kamfani. Ina zaune a Al Sabkha, a gidan wata Hajiya 'yar Kano da ke saukar da mata masu zuwa saro kaya. Mama nake kiranta, kuma har ga Allah haka na ɗauke ta.

A ofis na haɗu da wata 'yar Brazil, doguwa mai yawan fara'a, ta zo aika kwalin littattafai gida. Ta taɓa zama a Faransa, don haka hira ba ta yi mana wuya ba. Ta ce marubuciya ce, ta zo tattara labaran baƙin mata masu aiki a shagunan gyaran gashi, domin ita ma da wannan sana'ar ta ci abinci kafin ta kama alƙalami. Muka shaƙu. Ranar da zazzaɓi ya kayar da ni, ita ta kai ni asibiti ta zauna a kaina, 'yan gidanmu suna can suna fama da ciniki. Shi ya sa da aka tashi wunin lallen ƙanwar Hajiya na ce lallai sai ta zo.

Kun san halinmu idan babu namiji a wuri: ana rufe ƙofa kowa ta yar da mayafi da ɗankwali. Baƙuwa ta saje da mu kamar a Fagge aka haife ta. Ta gyara wa Hajiya kai, Hajiya sai habibti, wato masoyiyata, take ta kiranta. Ana cikin haka wata ta ce in tambaye ta me take rubutawa. Ba ta yi inda-inda ba. Ta ce namiji aka haife ta, da ta girma ta koma rayuwar mace, kuma rubutunta da fafutukarta duk a kan irinta ne da ake kashewa a titunan ƙasarsu babu mai bin kadi. Ta ce ba ta ɓoye kanta ga wanda ta ci abincinsa. Ni ma ranar na fara ji. Na fassara yadda ta faɗa. Sai salati ya kaure, kowa na wawurar mayafi, har da mai naɗe kanta da labule. Baƙuwa ta miƙe ta ce in ba su haƙuri, ba ta san abin zai kai haka a wurinmu ba, ta fita.

Har nan ban ga laifin kowa ba, ni ma abin ya sosa mini rai, na kuma gaya wa baƙuwar. Abin da ya biyo baya ne har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya. Bayan 'yan kwanaki Hajiya ta kira ni ɗakinta, murya a sanyaye, tana ce mini 'yata. Ta ce ba a kyauta wa baƙuwa ba, in kira ta ta zo cin tuwon Juma'a a yafi juna. Ni kuwa wawuya sai murna. Na buga mata waya, ta yi ta ja da baya, ta ce ta san dokar garin ba ta ƙyale irinta ba, kuma tafiyarta ta kusa. Ni na rantse mata cewa a wurinmu ba a cutar wanda aka kira cin abinci. Ta zo, har da tsarabar dabino. Ko hannu ba ta wanke ba aka ƙwanƙwasa ƙofa, sai ga jami'ai. Ashe Hajiya ta kai ƙara, ba ta san masaukinta ba, shi ne ta yi tarko da ni. Da za a fita da ita ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba. Juyowa ta yi ta tambaye ni ko na sani. Na ce wallahi ban sani ba, amma ban ga alamar ta yarda ba. Daga baya na ji an tsare ta, an mayar da ita ƙasarsu.

Na tsaya gaban Hajiya, na tambaye ta a wane littafi ta karanta cewa a yi yaudara da sunan yafiya. Ta ce khalas, magana ta ƙare, ita ta tsarkake gidanta, a zuba abinci kada ya huce. Suka kuwa ci! Wallahi suka zauna suka ci, har da mai neman ƙarin miya. Ranar na haɗa kayana na bar gidan, aka kuma bi ni da suna iri-iri a cikin 'yan uwanmu na Deira, yankin da muke zaune.

Ni ba malama ba ce, ban zo yin fatawa a kan rayuwar baƙuwar nan ba, wannan tsakaninta da Mahaliccinta. Abin da na sani, ita gaskiya ta faɗa mana, mu masu salla muka saka mata da ƙarya. Idan ba kwa son mutum, ku ce kada ya ƙara taka muku gida, ya wadatar. Ku kuma 'yan uwana mata da ke zaman ƙasashen waje, kada girman wata ya sa ku ari bakinta ku yi wa wani rantsuwa a kan abin da ba ku san cikinsa ba. Ni na yi, kuma har gobe akwai wata a can bayan teku da take zaton na sani.