Gwadabe Baduku da Kurwar Yaron Siyam

Duk wanda ya tashi a Tudun Wada a zamaninmu ya san Gwadabe baduku, in ma bai san shi ba to ya taka takalmin da ya ɗinka. Dogo ne, baƙi, mai faɗin tafin hannu, ga baki ba linzami. Idan ka kawo masa gyara sai ya fara da zagin wanda ya yi ɗinkin farko, ko da kuwa shi ne da kansa. Yana cikin waɗanda suka fara kafa bukka a unguwar, lokacin da Turawa suka shimfiɗo layin dogo zuwa Zariya, baƙi suka yi ta sauka a bayan ganuwa. Shi da matarsa Kulu suka zo, da wuƙarsa da basillarsa a cikin burgami.

Na-Siyam ake ce masa. Masu ƙaryata shi suna da yawa, yawancinsu kuwa ko Kaduna ba su taɓa zuwa ba. Ni daga bakinsa na ji labarin, na ji sauran daga bakin Kulu, kuma bakin nasu bai saɓa ba.

Bai daɗe da zama a Tudun Wada ba ya bi ayarin alhazai a ƙasa. Ya sauke farali lafiya, amma guzuri ya ƙare, sai ya zauna a Makka yana ɗinkin takalma. Shekara ta zagayo, wata ta bi ta. Ana nan sai wani mutumin unguwar Gyallesu ta Zariya ya iso da saƙo mai nauyi. 'Yan'uwan Kulu sun matsa mata ta je gaban alƙali a raba auren, tunda miji ya yi ɓatan dabo. Ita kuwa ta ce za ta jira ayarin alhazan baɗi ya dawo. In yana ciki, falillahil hamdu. In babu shi, ta haƙura.

Gwadabe ya aika mata cewa yana ciki, alhali ko kuɗin raƙumi zuwa Jidda ba shi da su.

A wannan hali ne ya haɗu da Haji Yunus, wani dattijo mai kawo alhazan ƙasar Siyam a jirgin ruwa. Haji ya ga aikinsa na jar fata ya yaba. Da guntun Larabcinsu suka daidaita: Gwadabe zai bi shi ya koya wa mutanen gidansa dukanci, shi kuma zai mayar da shi Jidda a jirgin alhazai na baɗi, da guzurin da zai kai shi har Zariya. Jirgin nan sau ɗaya yake tashi a shekara.

Tun a kan teku Haji ya fara yi masa karatun zama da mutanen ƙasar, domin Musulmi tsiraru ne a Bankok, babban birnin Siyam, zaman lallaɓa suke yi da maƙwabta. Takalmi a bakin ƙofa ake barinsa. Gaisuwa, a haɗa tafin hannu biyu a ƙirji a ɗan sunkuya. Ba a miƙe ƙafa ta fuskanci mutum. A kasuwa a taya, amma da murmushi, ban da ɗaga murya, ban da rantse-rantse, ban da yin fushi a tafi don a kira ka.

"To ina cinikin yake?" in ji Gwadabe.

Haji bai yi dariya ba. Ya ce, "Sai babbar doka. Kan mutum, ko na jariri ne, hannunka ya yi nesa da shi. Sun ce a nan kurwa take zaune."

Garin ya ba shi mamaki. Inda ya kamata a ga titi sai a ga ruwa, gidaje a kan dirkoki, kasuwa ma a cikin kwalekwale take ci. Shinkafa safe, shinkafa rana, da barkonon da ya sa Bahaushe hawaye. Ya koyi tambayar ko akwai alade a abinci tun kafin ya koyi gaisuwa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mutumin nan mai faɗa da inuwarsa ya yi kusan shekara bai taka doka ko ɗaya ba. Kulu ce a ransa, ita ta ɗaure masa baki.

Da jirgi ya kusa tashi, ya shiga kwalekwale shi kaɗai ya tafi sayen tsaraba. A unguwar da ke maƙwabtaka da su akwai wata mata mai sayar da zannuwan siliki a barandar gidanta. Ya cire takalmi, ya haɗa hannu, ya naɗe ƙafa. Ya zaɓi wani kore, ta faɗi kuɗi, ya taya da murmushi, ta ƙi da murmushi, har suka shirya. Ɗanta ƙarami ya kawo masa ruwa a ƙoƙon kwakwa. An aske kan yaron tas, an bar tukku a tsakiya an naɗe shi, kamar dai yaranmu na da. Da 'yan kalmomin da ya iya ya tambayi uban. Matar ta ce ya mutu a annobar bara.

Maraya ke nan. Me Bahaushe Musulmi zai yi da maraya a gabansa? Kafin karatun Haji ya faɗo masa, hannu ya riga ya tafi. Ya dafa tukkun, ya shafa, ya karanta addu'a a hankali, ya tofa masa a ka.

Matar ta janye ɗanta, murmushin bai bar fuskarta ba. Gwadabe ya ga murmushi ya ɗauka an wuce wurin. Ya naɗe zanensa ya tafi, bai ma gaya wa Haji ba.

Washegari da hantsi kwalekwale suka cika ƙofar gidan Haji. Maza ne, ba mai ihu, ba mai zagi, kuma Gwadabe ya ce da sun yi ihu da ya fi samun sauƙi. Yaron ya kwana da zazzaɓi, ba ya gane uwarsa. Haji ya fita ya daɗe, ya dawo fuska a murtuke.

"Me na ce maka a kan kai?"

"Addu'a fa na yi masa, Haji. Maraya ne."

"Su abin da suka gani, baƙo daga wata duniya ya kama tukkun ɗansu, ya yi surkulle, ya tofa yawu. Sun ce kurwarsa ta firgita ta bi hannunka."

Wannan magana ba sai an fassara wa Gwadabe ba. Maye ake ce masa, kuma ya san abin da ake yi wa maye a gida. Ya ce a kai shi wurin yaron.

An shimfiɗe yaron a tabarma, jikinsa kamar garwashi, dangi sun kewaye shi. Gwadabe ya tuna yadda ake warware irin wannan a ƙasar Hausa: wanda ake zargi ya tsallake majinyaci, kurwa ta koma. Da zuciya ɗaya ya tattare riga, ya ɗaga ƙafa zai haura yaron. Uwar ta kurma ihu, wani kawun yaron ya zaro adda. Haji, tsoho da shi, ya rungumo Gwadabe ta baya suka zube tare a kan katako.

"Ƙafa!" in ji Haji yana haki. "Ka taɓa kai da hannu, yanzu kuma za ka bi ta kansa da ƙafa? So kake a yanka mu duka?"

Da ƙyar da roƙo aka mayar da adda. Wata tsohuwa ta faɗi yadda za a yi. Gwadabe ya rarrafo da gwiwa, kansa a ƙasa, aka ba shi farin zare ya ɗaura a wuyan hannun yaron, tsohuwar tana kiran kurwa ta dawo gida. Shi kuwa a zuci Fatiha yake ta ja. Zazzaɓi bai sauka ba. Suka ce zai riƙa zuwa kullum yana zama inda yaron zai gan shi, har kurwar ta saki hannunsa.

Ranar tashin jirgi ta zo, yaro na nan jiya i yau. Haji ya kira shi gefe bayan sallar asuba.

"Alkawari na yi maka, ba zan saɓa ba. Ga kwalekwale a bayan gida, zai kai ka jirgi ba wanda ya gani. Amma ka sani, in ka tafi, uwar nan za ta ce ka ƙetare teku da ran ɗanta. Ni zan bi alhazaina. Iyalina da sauran Musulmin unguwa su za su kwana da abin."

Gwadabe ya ce bai taɓa jin tsanar wani mahaluki kamar yadda ya tsani yaron nan a wannan safiya ba, yaron da bai yi masa komai ba sai ba shi ruwa. Ya san zazzaɓi ne kawai, ya san babu kurwar kowa a hannunsa. Ya ɗauki burgaminsa har bakin ruwa, ya tsaya. Sai ya mayar da shi ɗaki, ya tafi gidan mai siliki ya zauna a inda ya saba. Daga nan ya ji kukan jirgi yana fita.

Kwana kaɗan bayan haka yaron ya tashi ya nemi shinkafa.

Sai jirgin wata shekarar ya bi. Ya ƙetare Sudan da Wadai da Barno a ƙasa, ya hau jirgin ƙasa a Kano, ya sauka Zariya a rame. A Tudun Wada ya tarar da wasu a gidansa. Maƙwabta suka yi ta sunkuyar da kai, har wani ya daure ya gaya masa Kulu tana Gyallesu, gidan wani tela mai suna Kailani.

Ya je. Kailani mutumin kirki ne, ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya ba su wuri. Kulu ta tsaya daga bayan ƙofa, da tsohon ciki. Cikin nan mahaifina ne, shi ya sa labarin yake ci mini rai har yau, ban san wanda zan tausaya wa in bar wani ba.

"Ka ce kana cikin ayarin," in ji ta. "Da suka iso, ɗaya bayan ɗaya na bi su ina tambaya."

Ya gaya mata komai, bai rage ba, bai kuma nemi ta ce ya kyauta ba.

"Yaron fa?" ta ce. "Ya tashi?"

"Ya tashi."

"To, alhamdu lillahi," in ji Kulu, sannan kuka ya ƙwace mata.