Sunayen da Yaya Bulus Yake Kira

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Bulus, kuma makon jiya na tsinci kaina ina faɗa a madadinsa.

Waɗanda suka sha cunkoson motoci a hanyar Nyanya a wancan lokaci za su tuna shirinsa na yamma a wata ƙaramar tashar rediyo mai zaman kanta. Kiɗan rawa yake sawa, irin wanda matasa ke haɗawa da kwamfuta a ɗakunansu a Kubwa da Mararaba, ba waƙa a ciki sai dukan da ke girgiza ƙirji. Manyan tashoshi ko kallonsa ba sa yi. Babanmu kuwa cewa yake injin niƙa ne ya lalace.

Bulus yana da wata ɗabi'a mai ban haushi. Kiɗa na tsaka da daɗi sai ya rage sauti ya faɗi sunan wanda ya haɗa shi, da sana'arsa, da unguwarsu. Na sha ce masa, "Haba Yaya, ka bar mutane su ji kiɗa mana!" Sai ya ce, "Ai ba daga sama ya faɗo ba."

Yau tashar tallan maganin basir take yi daga safe har yamma. Kiɗan da aka raina kuwa ya haye saman manyan otal-otal, da tikiti ake shiga, har a ƙasashen waje ana jin sa a waya. Da yana raye da ya yi murna, sannan ya tambaya: wa ya haɗa?

Makon jiya wata budurwa mai rediyon intanet ta zo neman faya-fayan shirinsa. Da murnata na fito da kwalin da na adana su a ciki. Ta saurari ɗaya ta ce, "Anti, kiɗan ya haɗu, amma za mu yanke surutun oga, yana ɓata mana aiki."

Surutu! Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutanen nan wasu sun bar gari, wasu sun mutu, kuma babu inda aka ajiye sunayensu sai a bakin Bulus. In an yanke muryarsa an shafe su ke nan. Na ce ko a sa da muryarsa, ko a bar mini kayana. Ta ce za ta yi shawara, har yau shiru.

Ban sani ba ko na kyauta, don faya-fayan sun fara lalacewa. Jiya na sa ɗaya ina wanke-wanke, kiɗa na tsaka da daɗi sai Bulus ya rage sauti. Na yi tsaki kamar da. Sannan na ajiye soso na saurara.

"Rahila, mai kitso, Mararaba."