Lokotocin Fadarmu da Ƙwaya Mai Ja da Rawaya

Na zauna Abidjan, na zauna Lyon, na yi shekaru a Jidda, amma ban ga garin da lokotoci suka yi yawa kamar fadarmu ta shayi a unguwar Banifandu ba. Mu bakwai ne, kowa ya san maganin komai, ba wanda ya taɓa leƙa ajin likitanci.

Wata la'asar abokinmu mai sayar da katako a kasuwar Katako ya zo riƙe da kunci, haƙori ya hana shi sakat. Direban da ke cikinmu ya zaro ragowar ƙwayoyin matarsa daga aljihu, masu ja da rawaya.

"Alhaji, bara da na sha irinta sai da jikina ya yi ta ƙaiƙayi," in ji mai katako.

"Kai baƙauye! Ƙaiƙayin nan shi ne aikin magani. Haɗiye!"

Ya haɗiye. Ni ma, da yawon duniyata da harsunana huɗu, sai na ci gaba da kurɓar shayina.

Ba a zuba shayi na biyu ba leɓunansa suka kumbura, idanu suka shige, numfashi na fita da ƙara kamar usur. Wani ya ce a ɗura masa nono. Wani ya ce sammu ne. Telan da ke gefe, wanda muke yi wa kallon jahili, shi ya tsayar da taksi.

A ƙaramar likitar unguwa muka tarar da majo, babbar ma'aikaciyar jinya, dattijuwa 'yar Dogon Dutsi. Ta soka masa allura a cinya tun kafin ta amsa gaisuwarmu. Da numfashinsa ya daidaita ta juyo kanmu, ta dube ni.

"Baba, jiki yana da masu gadi. Bara suka ga ƙwayar nan, suka ɗauke ta ɓarawo, suka riƙe kamanninta. Ƙaiƙayin gargaɗi ne. Yau da ta dawo suka fito gaba ɗaya, suka zubo abin da ke kumbura maƙogwaro, jini ya rasa ƙarfi. Wa ya ba shi?"

Manyan lokotoci suka shiga kallon takalmansu.

Kwana biyu ya yi a kwance. Majo ta rubuta masa sunan ƙwayar, yana yawo da takardar cikin hula. Ranar da ya dawo fada, direba ya dube shi sama da ƙasa.

"To, amma haƙorin ai ya bar ciwo ko?"

Mai katako ya ɗauki kujerarsa ya koma ƙofar tela. Can yake shan shayinsa har yau.