Kusa da Masallaci

Shekara tara ke nan da rasuwar gwaggona, Malama Falmata, wadda ta rene ni, ta kuma koyar a wata firamare a Gamboru. Hawan jini ne ya yi ajalinta, a kan gadonta. A shekarun da ake farautar malaman boko a garin nan, wannan ma ni'ima ce.

Kullum aka tashi daga makaranta, sai ta wanke allin hannunta har ƙarƙashin farce, ta cusa littattafai a ƙasan jakar cefane, ta rufe da alayyahu. Maƙwabta da yawa sun ɗauka a kasuwa take wuni. Wata rana wani mutum ya zo makarantar, ya ce iyayen yara ne suka aiko shi ya rubuta sunayen malamai da kwatancen gidajensu. Daga baya aka bincika, babu uban da ya san shi. Da ya zo kanta, ta ce, "Rubuta: kusa da masallaci."

"Wane masallaci, Malama?"

"Ɗana, wanda ake salla a ciki."

Malamai biyu da suka ba shi cikakken kwatance, kafin mako ya zagayo baƙi sun fara tambayarsu a ƙofar gida. Malaman suka kwashe iyalansu suka bar garin, ba su dawo ba.

Yau 'yarta, Yagana, tana koyarwa a wata makarantar kuɗi. Kwamitin iyaye ya nemi a saka hoton kowane malami, da takardun karatunsa, da lambar waya, da adireshi, a zauren iyaye na waya. Shugaban makarantar ya ce wanda bai cike takardar bayanan ba ya nemi aiki gaba.

Da gwaggo na raye, ba za ta ɓoye takardun karatunta ba. Ta yarda uba yana da haƙƙin sanin wanda ya danƙa wa ɗansa. Amma da ta tambaya: me ƙofar gidan malami za ta ƙara wa karatun yaro? Na duba zauren nan a wayar Yagana. Lambobi da dama ba su da suna, kuma babu wanda ya iya gaya mini wa ya shigar da su. An ce zaman lafiya ya dawo. Alhamdulillahi. Sai dai bayanin da ya shiga waya ba ya komawa aljihun tebur.

Gwaggo ba ta bar mana gida ko gona ba. Jiya Yagana ta nuna mini takardar kafin ta miƙa. Ta cike komai da kyakkyawan rubutu, har sakamakon jarrabawarta. A gurbin adireshi kuwa kalmomi uku ne kawai, na gwaggo: kusa da masallaci.

Allah ya jiƙan Malama Falmata.