Littattafan Mai Auna Rana

Wa zan ba littattafan Malam? Yau shekara goma sha ɗaya da rasuwarsa, ban sami amsa ba. Ban yi boko ba. 'Yata Bilkisu ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa, ina share hawaye.

Aikin mijina auna ƙarfin rana ne, a wani ofishin duba yanayi da ke hanyar Naraguta. Sau ɗaya na ga na'urar. Bututun ƙarfe ne a kan ƙafafu uku, da ɗan gilashi a bakinsa. Sai ya saita shi ga rana, allura ta motsa, ya rubuta lamba. Ba ya yarda a goge gilashin da tsumma. Tsofaffin kallabina yake ɗauka, wai sun fi laushi. Mun sha faɗa a kan haka.

Maƙwabta a Laranto suna tsokanarsa: "Oga, yau ranar mudu nawa ce?" Sai ya ce, "Rabin mudu, hadari ya cinye saura."

Yanzu rufin gidaje duk faifan sola ne, kowa ya san rana abin nema ce. Da yana nan, ban sani ba ko daɗi zai ji, ko haushin ba wanda ya tambaye shi.

Abin da ya bari akwati ne cike da littattafan da ya kwafe lambobin a ciki da hannunsa, don bai yarda da ajiyar ofis ba. Ƙarshen watan nan zan koma ɗakin Bilkisu, ƙafafuna sun gaza, kuma ɗakin ba zai ɗauki akwati ba. Mun kai ofishin, suka ce yanzu inji ke yi. Mai ƙosai ta ce in ba ta ta riƙa naɗe ƙosai da su.

Na gaji. Ko layi ɗaya ban iya karantawa, amma na san shekara talatin ɗin mutum ce a ciki. In akwai mai karatun da zai amfana, ya zo kafin wata ya mutu. Ni dai ba zan ƙona su ba.

Ranar da ya rasu, da hantsi, na ga gari ya haɗe, na tashi zan kwashe shanya. Ya leƙa taga daga kan gado. Bai kai azahar ba. Ga maganar ƙarshe da ya yi mini:

"Hajara, bar kayan nan, zauna kusa da ni. Ranar za ta dawo."